JIRGIN YAƘI A TAFIN HANNU

A kowace shekara idan watan Mayu ya kama, birnin Shizuoka na ƙasar Japan yakan cika maƙil da baƙi daga sassa daban-daban na duniya. Birnin yana kudu maso yammacin Tokyo, a gaɓar teku, inda ake hango dutsen Fuji idan gari ya yi garau. Abin da ke tara wannan jama'a kuwa shi ne wani bajen koli wanda asalinsa ya faro tun shekarar 1959, inda ake jera tebura a ɗora musu jiragen sama da tankokin yaƙi da jiragen ruwa, waɗanda mafi yawansu mutum zai iya ɗaukarsu a tafin hannunsa. Wanda ya fara ganin magidanta masu furfura sun sunkuya suna leƙen cikin jirgin da bai wuce tsawon ludayi ba, zai iya cewa manya ne suka koma wasan yara. Amma in ya tsaya ya kasa kunne, sai ya tarar ana gardama ne a kan launin fentin da aka shafa wa wani jirgi a shekarar 1941, ko yawan ƙusoshin da ke goshin wata tanka, kowa kuma yana kawo hujjarsa da hotuna da takardu kamar ana gaban alƙali.

Wannan sana'a, ko a ce sha'awa, ita ce ta haɗa ƙananan samfurorin kayan yaƙi bisa ma'auni. Filin wannan makon zai duba ɓangare guda nata, watau na jiragen sama da tankokin da Japan ta shiga Yaƙin Duniya na Biyu da su. Dalili kuwa shi ne, a wannan ɓangare ne aka fi ganin yadda mai haɗin, in dai ya riƙe gaskiyar awo, yatsunsa za su karanta masa abin da ya sami ƙasar da mutanenta a yaƙin, in kuma ya tsaya ga ado kaɗai, sai ya ƙera abu mai kyan ɗan maciji.

MA'AUNI SHI NE TUSHE

Idan aka rubuta 1/72 a jikin kwali, ana nufin an raba tsawo da faɗi da tsayin abin na gaske gida 72, aka ɗauki ɗaya. Turawan Ingila ne suka yayata wannan lissafi, domin a cikinsa mutum mai tsayin ƙafa shida yakan koma inci ɗaya cif, kuma da shi ne kamfanin Frog ya fitar da samfurorin roba na farko a shekarar 1936. Akwai kuma 1/48, inda inci ɗaya ke tsaya wa ƙafa huɗu, da 1/32 na masu wadatar wurin ajiya. Shahararren jirgin Japan da ake kira Zero, irin na farkon yaƙi, faɗin fikafikansa mita 12 ne daga wannan baki zuwa wancan. A ma'aunin 1/48 sai ya dawo santimita 25, a 1/72 kuwa bai cika santimita 17 ba. Sharaɗin shi ne komai ya ragu daidai wa daida, tun daga farfela har zuwa kujerar matuƙi. Yaron da ya lanƙwasa gwangwani ko ya feƙe kara ya yi mota, da ido yake awo, ba kuwa mai tuhumarsa in taya ta fi ƙofa girma. Mai wannan sana'a kuwa in ya yi kuskuren milimita ɗaya a ma'aunin 1/72, ya ƙara wa jirgin gaske santimita bakwai ke nan waɗanda maƙeransa ba su sa masa ba.

Ƙananan jiragen nan sun taɓa zama kayan yaƙi su kansu. A shekarar 1942 rundunar sojan ruwan Amurka ta nemi 'yan makarantun sakandaren ƙasar da su sassaƙa mata ƙananan jirage 500,000 na katako a ma'aunin 1/72, a shafa musu baƙin fenti, domin a koya wa sojoji bambance jirgin abokan gaba da nasu tun daga nesa. A Japan ma hukumar ilmi ta sa haɗa ƙananan jirage cikin darussan makarantun yara a lokacin yaƙin, don a cusa musu sha'awar zama matuƙa.

DAGA KATAKO ZUWA ROBA

Da Japan ta miƙa wuya a shekarar 1945, sojojin mamaya sun hana ta ƙera jirgin sama kowane iri, haramcin kuwa bai kau ba sai a 1952. Ƙasar da ta ƙera jirage dubbai ta wayi gari ba ta da izinin haɗa ko ɗaya. Shi kuwa birnin Shizuoka, da ma can an san shi da kafintoci da masassaƙa tun zamanin da sarakunan gidan Tokugawa suka tara gwanayen aikin katako a can don gina musu wuraren bauta. A nan ne wani mutum mai suna Yoshio Tamiya ya buɗe injin yankan katako a shekarar 1946, bayan shekara biyu kuma ya fara sayar da ƙananan jirage na katako. Maƙwabtansa irin su Hasegawa da Aoshima da Fujimi su ma da katako suka fara.

A ƙarshen shekarun 1950 samfurorin roba daga Amurka suka shigo kasuwa suka kashe cinikin na katako, domin roba ana narka ta ne a zuba a mazubin ƙarfe, kamar yadda maƙeran fari ke yin zubi, ta fito da kowane layi da kowace ƙusa. Kamfanin Marusan na Tokyo ne ya fara irin wannan zubi a Japan a shekarar 1958, Tamiya kuma ya bi sahu a 1960. Ba da daɗewa ba Tamiya ya fitar da tankar Jamus da ake kira Panther, mai tafiya da batir. An yi girmanta daidai inda batura biyu za su shiga cikinta, da aka auna daga baya sai aka ga ta faɗo a kan 1/35. Wannan ma'auni da aka yi karo da shi ba da niyya ba, shi ne ya zama ma'aunin tankoki a duniya duka har yau.

Ɗan mai kamfanin, Shunsaku Tamiya, wanda ya rasu a shekarar 2025 yana da shekara 90, shi ne ya kafa al'adar da ta ɗaga sunan Shizuoka. Tun a tsakiyar shekarun 1960 yakan ɗauki kyamara da tef na awo ya nufi gidajen ajiye tankoki na Aberdeen a Amurka da Bovington a Ingila, ya kwanta ƙarƙashin tanka yana ɗaukar hoto yana rubuta lambobi, domin gani ya kori ji. A shekarar 1975 kamfanin ya fitar da tankar Japan mai suna Chi-Ha a ma'aunin 1/35. Daga baya kuma, a 1987, aka kafa wani ƙaramin kamfani mai suna Fine Molds a garin Toyohashi, wanda ya duƙufa ga tankoki da jiragen Japan waɗanda manyan kamfanoni suka yi watsi da su saboda ƙarancin masu saye.

YADDA AKE HAƊIN

Wanda ya buɗe kwalin Zero zai tarar da gutsattsarin roba masu yawa a maƙale a jikin firam, kowanne da lambarsa, tare da takardar bayani da wata takarda mai ɗauke da tambura. Da ƙaramar filaya ake yanko kowane yanki, a kankare bakinsa da reza, a goge da takardar yashi mai laushi. Gam ɗin da ake amfani da shi ruwa ne tsululu, wanda ke ɗan narka fuskar robar har ɓangarorin biyu su zama ɗaya, saboda haka in ya ɗiga a inda ba a so, tabon ya zauna ke nan. Daga ɗakin matuƙi ake farawa, a yi masa fenti tun kafin a rufe gangar jikin jirgin, don in an rufe ba hannun da zai shiga. Bayan an haɗa jiki da fikafikai sai a cike tsagar da ta rage da wani ƙulli mai kama da na masu gyaran jikin mota, a goge har ta ɓace. Sa'an nan a shafa fentin share fage, a bi da na ainihi da burushi ko da ƙaramar na'urar feshi, a jiƙa tambura a ruwa a zame su da hantsaki zuwa mazauninsu. Aikin ƙarshe shi ne tsufar da jirgin: a sa baƙin hayaƙi a bakin salansa, da alamar mai a ƙarƙashin injin, da ƙujewar fenti a gindin fiffike inda makanikai ke takawa. Jirgi ɗaya yakan ci makonni, wani lokaci watanni, kuma mai gaggawa bai cika ganin ƙarshensa da kyau ba.

To, a wannan ɗakin matuƙi ne darasin farko yake. Kujerar Zero a huhhuje take kamar gindin madambaci, har masu tsananin bin ƙa'ida sukan ɗauki siririyar allurar huji su buɗe ramukan ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya tambayi dalilin ramukan, ya kama bakin zaren labarin jirgin gaba ɗaya. A shekarar 1937 rundunar sojan ruwan Japan ta nemi a ƙera mata jirgi mai gudun kilomita 500 a sa'a, mai dogon zango, mai ɗauke da igwa biyu ta milimita 20 ban da ƙananan bindigogi biyu. Kamfanin Nakajima ya duba ya ce abin ba zai yiwu ba, ya janye. Injiniyan Mitsubishi mai suna Jiro Horikoshi ya karɓi aikin, alhali injin da ke hannunsa bai kai ƙarfin doki 1,000 ba. Hanya ɗaya ta rage masa, watau rage nauyi. Aka yi amfani da wani sabon gorar-ruwa mai ƙarfi na kamfanin Sumitomo, aka huda duk ƙarfen da zai hudu, aka bar jirgin ba sulke a bayan matuƙi, tankin fetur ɗinsa kuma ba shi da rufin roba mai toshe kansa in harsashi ya huda shi.

Jirgin ya fara tashi ranar 1 ga Afrilu, 1939, bayan an kwance shi an ɗora a amalanken shanu daga masana'antar Nagoya zuwa filin jirgin Kakamigahara, tafiyar kusan kilomita 50. An karɓe shi aiki a 1940, wadda ta yi daidai da shekara ta 2600 a lissafin masarautar Japan, daga sifirin ƙarshen wannan lamba kuwa ya samo sunansa. Da farko ya gagari kowa. Ya raka masu jefa bama-bamai zuwa Pearl Harbor ranar 7 ga Disamba, 1941, a watan Agustan 1942 kuma yana tashi daga Rabaul ya yi faɗa a Guadalcanal, tazarar kimanin kilomita 1,000, ya komo. Amma a watan Yulin 1942 Amurkawa sun tsinci wani Zero kusan lafiya lau a tsibirin Akutan, suka gyara shi suka gwada, suka gane inda rauninsa yake. Harsasai kaɗan sun isa su mayar da shi gobara. Ƙwararrun matuƙan da Japan ta yi shekaru tana horarwa suka ƙare ɗaya bayan ɗaya, kuma ko da yake an ƙera Zero sama da 10,000, ba a iya ƙera madadin mutanen da suka ƙone a cikinsu ba. Mai haɗin da ya duba takardar bayaninsa ya ga babu lambar farantin sulke a bayan kujera, kada ya zaci kamfanin roba ne ya manta.

GARDAMAR LAUNI

Shekaru da yawa ana shafa wa samfurin Zero na farkon yaƙi fenti fari-fari ko toka mai haske, saboda haka yake fitowa a hotunan da ba su da launi. Daga baya masu bincike suka bi gidajen tarihi da hannun tsofaffin sojoji suna duba gutsattsarin jiragen da aka harbo, ciki har da na Pearl Harbor, sai suka tarar launin toka ne mai sirkin kore ko ruwan ƙasa. Japanawa suna kiran wannan na biyun ame-iro, watau launin alewa. Wasu suka ce haka aka shafa shi tun asali, wasu suka ce tsufa ne ya rine shi, gardamar kuma ba ta mutu ba. Haka nan masu haɗin sun san cewa kamfanin Nakajima, wanda ya ƙi aikin da farko, shi ne daga baya ya ƙera Zero fiye da Mitsubishi kansa, kuma ana gane na kowanne daga fenti. A na Nakajima, iyakar koren fentin baya takan lanƙwasa ta hau zuwa ƙaramin fiffiken wutsiya, a na Mitsubishi kuwa a miƙe take. Ramin tayoyin na Nakajima kuma an shafe shi da wani fenti mai sheƙi, shuɗi-kore, mai suna aotake, wanda ke hana ƙarfe ruɓewa.

Mai karatu zai iya cewa wannan ai neman magana ne. Amma fenti ma shaida ne. Jiragen Japan na ƙarshen yaƙi ana ganinsu a hotuna fentinsu ya ɓaɓɓare kamar bangon da damina ta daka, domin a lokacin an fara barin fentin share fage saboda ƙarancin kaya da gaggawa, ma'aikatan masana'antu kuma da yawansu 'yan makaranta ne da aka kwaso daga aji. Wanda ya kwaikwayi wannan ɓaɓɓarewa da gaskiya, ya zana hoton ƙasar da ƙarfinta ya ƙare.

SULKE MAI KAURIN TAKARDA

Labarin tankoki ya fi na jirage ban tausayi. Ƙaramar tankar da ake kira Ha-Go, ta shekarar 1935, nauyinta tan bakwai da 'yan kai, mutum uku ke cikinta, igwarta ta milimita 37 ce, sulkenta kuma inda ya fi kauri milimita 12 ne. A ma'aunin 1/35 tsawonta bai wuce santimita 13 ba, kuma da za a bi lissafi sosai, kaurin sulken zai zama sulusin milimita, watau kamar fallayen takarda uku ko huɗu. Robar da ake yin samfurin da ita ta fi haka kauri nesa ba kusa ba. Mai haɗin da ya leƙa cikin hasumiyarta zai ga wurin mutum ɗaya ne tak, kuma wannan mutum shi ne kwamanda, shi ke ɗura harsashi, shi ke saiti, shi ke harbi.

Babbar yayarta Chi-Ha, ta shekarar 1937, nauyinta kimanin tan 15, da mutum huɗu, da gajeriyar igwa ta milimita 57, sulkenta kuma milimita 25. Jikinta cike yake da kawunan ƙusoshi, abin da ke ba samfurinta kyau in an bi su da burushi, amma a fagen fama idan harsashi ya bugi farantin, ƙusoshin kan tsinke su yi ta shawagi a ciki kamar harsasai. An yi tankokin da sauƙin nauyi ne domin ƙugiyar jirgin ruwa ta iya ɗaga su, gadojin ƙasar Sin kuma su iya ɗaukarsu, ga shi sojojin Sin ba su da tankoki ko manyan bindigogin fasa su da yawa. Daɗin daɗawa, mafi kyawun ƙarfen ƙasar rundunar ruwa ke kwashewa, wadda jirginta guda ɗaya, Yamato, ya haura tan 60,000.

A inda babu abokin karawa, tankokin sun yi ɓarna. Ranar 7 ga Janairu, 1942, tankokin da ba su wuce 30 ba sun ratsa sansanin sojojin Ingila da Indiya a kogin Slim na ƙasar Malaya, suka tarwatsa birged biyu cikin sa'o'i kaɗan, ranar 15 ga Fabrairu kuma Singafo ta faɗi. Amma tun a 1939 sojojin Rasha sun nuna wa Japan a Nomonhan, kan iyakar Mongoliya, cewa gajeriyar igwar nan ba ta fasa sulke, abin da ya sa aka sake wa Chi-Ha hasumiya da doguwar igwa ta milimita 47. Gyaran bai wadatar ba. Tankar Amurka Sherman ta ninka Chi-Ha nauyi, tana da igwa ta milimita 75, an kuma ƙera ta sama da 49,000, alhali Chi-Ha iri biyun duka kimanin 2,100 ne. A daren 16 ga Yuni, 1944, tankokin Japan kimanin 40 suka afka wa sojojin Amurka a tsibirin Saipan, kafin hantsi mafi yawansu sun zama ƙonannen ƙarfe. Wanda ya ajiye samfurin Sherman da na Ha-Go gefe da gefe a kan tebur ɗaya, ba ya bukatar littafi ya gaya masa yadda karon ya ƙare.

INDA ZANCEN YA TAƁO GIDA

Yaƙin Japan ba labarin wasu can ba ne ga mutanen ƙasar nan. Runduna ta 81 da ta 82 ta sojojin Afirka ta Yamma, waɗanda 'yan Nijeriya suka fi yawa a cikinsu, Hausa kuma ita ce harshen bariki, sun yi yaƙi da Japan a ƙasar Bama tsakanin 1943 da 1945. Runduna ta 81 ta kutsa kwarin kogin Kaladan inda babu hanyar mota, ana jefo mata abinci da harsasai daga sama, 'yan dako kuma suna ɗaukar kaya a ka. Bataliyoyi uku na Nijeriya sun shiga cikin mayaƙan Chindit a 1944, a watan Janairun 1945 kuma sojojin Afirka ta Yamma suka karɓe garin Myohaung. Sunayen wuraren suna nan a ƙofofin barikoki: Myohaung da Arakan a Legas, Letmauk a Ibadan, Kalapanzin da Dalet a Kaduna, Chindit a Zariya, da barikin Dodan inda aka mulki ƙasar nan daga 1966 zuwa 1991.

A nan ma masu haɗin suna da gyaran da za su yi wa labari. Sojojin ƙawance sun saba kiran kowane jirgin faɗa na Japan da sunan Zero, amma Zero na rundunar ruwa ne. Wanda ya fi shawagi a samaniyar Bama shi ne Ki-43 na rundunar ƙasa, ƙirar Nakajima, wanda Japanawa ke kira Hayabusa, watau shaho, Turawa kuma suka laƙaba masa Oscar. Daga nesa sun yi kama, amma wanda ya haɗa su duka biyu da hannunsa ya san Hayabusa ya fi siririn ƙugu, kuma bindigogi biyu kacal gare shi a saman injin, babu igwa a fikafikansa. Shahararriyar rundunar jiragen nan ta 64 a wannan fage ta yi aiki, kwamandanta Tateo Kato kuma a tekun Bengal ya mutu a watan Mayun 1942.

ABIN DA KWALI BA YA ƊAUKE DA SHI

Duk da wannan, akwai abin da babu kamfanin da ke zuba shi a roba. Faɗan farko da Zero ya yi, ranar 13 ga Satumba, 1940, a samaniyar Chongqing ne, birnin Sin da jiragen Japan suka yi shekaru suna yi wa ruwan bama-bamai, fararen hula dubbai suka halaka. Ranar 25 ga Oktoba, 1944, a tekun Leyte, Zero ne aka ɗaura wa bam mai kilo 250 aka tura samari su faɗa kan jiragen ruwan Amurka da shi, farkon abin da aka sani da kamikaze, wanda ya ci matuƙa dubbai. A masana'antar jiragen Mitsubishi ta Nagoya an sa 'yan mata daga Koriya aikin tilas a ƙarshen yaƙin, har a watan Nuwamban 2018 Kotun Ƙolin Koriya ta Kudu ta umarci kamfanin ya biya wasu daga cikinsu diyya.

Shi ya sa abin da ake ɗauka wasa yakan taɓo tsohon miki. Dokar Jamus ta hana nuna tambarin 'yan Nazi, saboda haka kamfanoni da yawa sukan cire shi daga kwalayensu. Tutar Japan mai hasken rana a warwatse ba a hana ta ba, amma a Koriya da Sin ana kallonta a matsayin tutar mamaya. A gidan tarihin Yushukan da ke harabar wurin bautar Yasukuni a Tokyo, inda masu haɗi ke zuwa duba Zero na gaske da wata Chi-Ha da aka dawo da ita daga Saipan, akwai kuma kan jirgin ƙasa da ya yi aiki a layin dogon da Japan ta shimfiɗa tsakanin Tailan da Bama, aikin da ya ci rayukan fursunonin yaƙi sama da 12,000 da leburorin Asiya dubun-dubata. Masu suka sun daɗe suna cewa gidan yana nuna ƙarfen yana sakaya mutanen. Irin wannan zargi yana iya hawa kan kowane ɗan tebur da aka jera samfurori masu sheƙi a kansa.

Maganin abin yana cikin ƙa'idar sana'ar kanta. Mutumin da ya ƙi yarda da kuskuren milimita ɗaya a fiffike, bai kamata ya yarda da giɓin da ya fi haka girma a labari ba. Gwanayen cikinsu sun gane haka, shi ya sa a wuraren baje koli ake ganin wanda ya haɗa Chi-Ha a yadda take bayan yaƙi, ta yi tsatsa, ciyawa ta fito ta cikin sarƙarta, ko wanda ya ajiye 'yar takarda a gaban jirginsa mai ɗauke da sunan rundunar da ranar da wurin da aka tura shi. Waiwaye adon tafiya ne, in dai an waiwayi abin da ya faru duka.

Saurayin da ya sami kwalin Hayabusa a Legas ko Kaduna, to ya haɗa shi da kyau, ya auna, ya bi launin da hujja ta tabbatar. In ya gama, ya rubuta a 'yar takardar gabansa cewa irin wannan jirgi ne ya yi shawagi a samaniyar Bama a shekarun da sojojin ƙasarsa ke ratsa dazuzzukanta da kaya a ka, sa'an nan ya tambayi dattawan gidansu ko akwai wani kakansa da ya je Bama, da kuma ko ya dawo.